Ruwan Ƙirjin Allah Ditta

"Wallahi ba zai taka asibitin atom ba ina raye!" in ji Sughra, tana nuna ɗanta Tanwir da ludayi.

Ni aron garin alkama ya kawo ni, amma da na ji haka sai na nemi gefen gado na zauna. Mijinta Allah Ditta yana jingine da matasai, yana jan numfashi da ƙyar. Ciwon hanta ya tara masa ruwa a ciki, yanzu kuma ƙirjin dama ya cika. An zuƙe ya dawo, an sake zuƙewa ya dawo.

"Ammi, hoto ne kawai," in ji Tanwir. "Za su zuba wani magani a ruwan cikin, na'ura ta bi sawunsa. In ya hau ƙirji, to akwai huda a tantanin da ke tsakanin ciki da ƙirji, sai likita ya san ta inda zai ɓullo. Ya ce in aka sa roba a ƙirjin da ka, ruwa zai yi ta tsiyaya har Abba ya ƙare."

"Duk garin nan na Khanewal wa bai san masu ciwon daji ake kaiwa can ba? A gan shi a ƙofar, gobe dangin angon ƙanwarka Nagina su ce sun fasa auren. Ga Masi Barkate nan zaune, kafin la'asar ta kai labarin har bakin kasuwa."

"Ni? Haba Sughra," na ce, "ni da ko a gidan biki ba a jin muryata?" Ba wanda ya yi dariya.

"Ba ciwon daji ba ne, Ammi!"

"Je ka bi gida-gida ka gaya musu, malam likita."

Tanwir ya durƙusa gaban uban. "Abba, kai ka faɗa. Na riga na yi magana da mai mota."

Allah Ditta ya daɗe yana tattara iska. Ina kallon haƙarƙarinsa, ɓangare ɗaya ne kawai ke motsi, sai na ji gulmar ta fita daga raina.

"Bayan... biki," ya ce.

"Ko kwanciya ba ka iyawa! Za ka kai bikin?" in ji Tanwir.

Uban ya kau da kai wajen bango. Tanwir ya miƙe, ko takalmi bai tsaya sawa ba, ya fice ya banko ƙofa har sakata ta faɗo.