Mako Uku Babu Jirgi

Garin ƙarami ne, a matse tsakanin kogi da layin dogo, kuma yawancin mutanensa kwana kaɗai suke yi a cikinsa. Da safe jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa birni, da yamma ya dawo da su a gajiye. Babban titi ɗaya ne, sai makaranta, sai gidan burodi kusa da tasha.

Shekara shida Sista tana zaune a nan, tana aikin jinya a asibitin birni, amma in ban da hanyar tasha ba ta san ko'ina ba. Maƙwabta ma daga gaisuwa sai gaisuwa.

Sai aka rufe gadar jirgin za a yi gyara, aka ce mako uku. Bas kuwa zagaye take yi ta bayan tsauni, kafin ta iso ta cika maƙil. Ranar farko Sista tana tsaye a bakin titi ta rasa yadda za ta yi, sai tsohon kafintan da ke bayan gidanta ya tsaya da motarsa ta ɗaukar katako.

"Shigo, 'yata, in ba kya ƙyamar ƙurar zarto. Ni ma birnin na nufa."

A hanya baki bai rufu ba. Ya nuna mata inda tsohuwar kasuwa take, ya ce ƙofofin gidan da Sista take ciki ma shi ya yi su. Sai da suka kusa isa ya ambata, kamar ba komai ba, cewa matarsa na fama da gyambo a ƙafa wata biyu, ta ƙi asibiti saboda nisa.

Da yamma Sista ta leƙa gidan kafintan da jakar aikinta, ta yi sallama. Tsohuwar ta kalle ta sama da ƙasa.

"Ashe kina magana? Ni na ɗauka kurma aka kawo mana unguwa."

Sista ta yi dariya, ta durƙusa ta kwance ƙyallen da aka ɗaure ƙafar da shi. Ciwon ya yi nisa, amma bai fi ƙarfin magani ba. Kullum ta wanke ta ɗaure, tsohuwar na mita tana ba ta labarin kowane gida a layin.

An buɗe gada ciwon bai gama warkewa ba, don haka Sista ta ci gaba da zuwa. A mako na shida tsohuwar ta taka da ƙafarta har gidan burodi, mijin na biye da ita riƙe da sandar da ta ƙi karɓa.