Ƙofar da Ake Kullewa ta Waje

"Anti, me ya cinye miki hannu?"

Uwar ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta kai hannu za ta murɗe kunnen 'yarta, amma matiron mai kula da ɗakin kwana ta riga ta da dariya. Ta ɗaga hannun nata na dama, fatarsa a tattare kamar ledar da ta kusanci wuta, yatsu biyu a manne.

"Ƙyale ta, gado ta yi. Ke ma haka bakinki yake, Sarkin Barci."

Uwar ta tsaya cak. An jima ba a kira ta da wannan suna ba. Ta ƙura wa matar ido, sai ga ƙawarta ta ƙuruciya ta fito daga bayan tabarau da kumatu.

"Tsinke! Ke ce kika zama haka?"

"Haka yaya? Ƙarasa mana."

"Wallahi kin ci amanar sunan nan."

Suka rungume juna a tsakiyar hanya, akwati a ƙasa, yarinyar tana kallonsu baki buɗe. Aku ake ce mata a gida saboda surutu. Shekarunta goma sha ɗaya, kuma yau ce ranarta ta farko a makarantar kwana, wadda uwarta ta yi. Tun da sakamako ya fito ba ta da wata magana. Uwar da kanta ta ɗinka mata kayan makaranta, ta bar wa siket ɗin kalmasa mai faɗi saboda girma, ta rubuta suna a ƙasan bokiti da bayan cokali.

Suka nufi ɗakin kwanan ƙanana. Bishiyar da uwar da Tsinke suke shanya safa a kanta a zamaninsu tana nan. Tsohon ƙarfen ƙafar mota da ake bugawa a matsayin ƙararrawa yana nan a rataye. Da aka tura ƙofa, warin nan ya tari uwar, na sabulu da jiƙaƙƙen tawul da katifar da ta sha rana. 'Yan mata sun cika ɗakin, kowa tana kokawa da zanin gado.

"Ga gadonmu can," in ji Tsinke. "Ni a sama, uwarki a ƙasa. Sai an ɗaga katifa an juye ta take tashi."

"Ƙarya take miki. Wa ke ɓoye sukari a cikin safa?"

"Wa ke shanyewa?"

Aku ta ruga ta haye gadon, ta kwanta, ta tashi, ta sake kwantawa. Uwar kuwa ta shiga abin da ta saba yi a duk sabon wuri. Ta girgiza ƙafar gado, ta leƙa banɗaki, ta murɗa famfo. Ta kama ƙarafan taga ta ja, ba su motsa ba. Sannan ta koma bakin ƙofa ta juya murfin. Ta ciki babu sakata. Ta waje ga kwaɗo, sabo fil, yana ƙyalli.

"Har yanzu?" ta ce a hankali.

Tsinke ta gyara tabarau. Aku ta riga ta diro.

"Anti, kulle mu ake yi?"

"Zo nan, 'yata. Duk ƙarfen da kika gani a makarantar nan, da dalilinsa." Ta zauna a bakin gado, ta nuna waje da haɓa. "Zamanin iyayenmu ko katanga babu, shingen furanni ne. Sai aka yi wasan ƙwallo da wata makaranta, 'yan makarantarmu suka cinye su, sai waɗancan suka biyo dare ɗaya da sanduna da duwatsu, suka fasa wa malami kai. Aka gina katanga. Bayan wasu shekaru wani kuku da aka kora ya shigo ta taga da wuƙa, ya yanki wata firifet a kafaɗa. Aka sa ƙarafa. Sannan siniyoyi suka tsiri shigowa lokacin barcin rana suna zane ƙanana da bel, har wata ta rasa ido. Shi ne aka ce a riƙa kulle ƙanana ta waje, da rana da dare, don kada a taɓa su."

"To ai ya yi kyau," in ji Aku.

"Ƙarasa mata," in ji uwar.

Tsinke ta kau da kai. Uwar ce ta ƙarasa, ba tare da ta ɗaga murya ba.

Suna aji ɗaya abin ya faru, da rana tsaka. Siniyoyi suka yi bore a kan abinci, suka kori masu dafawa, suka farfasa tagogin ofis, daga baya wasu suka cinna wa sito wuta. Ba su tuna cewa bango ɗaya ya raba siton da wannan ɗaki ba. Matiron ta lokacin, mace mai kirki da ke ɗura musu maganin tari da hannunta, ta kulle su kamar kullum, ta tafi raba faɗa da mabuɗi a ƙugunta. Hayaƙi ya shigo ta silin. Yara suka taru a ƙofa suna dukanta, wasu suka maƙale a taga. Tsinke ce ta jawo ƙawarta daga barci ta ƙafa, ita ce kuma ta zura hannu ta tsagar ƙofa tana jijjiga ƙarfen da ya riga ya yi ja. Kafin a kawo gatari a sare kwaɗon, biyu sun daina tari. Ɗaya daga cikinsu ita ce mai yi musu kitso ranar hutu, tana waƙa da muryar da ba ta da daɗi ko kaɗan.

'Yan matan da ke kusa sun bar shimfiɗa.

"Bayan nan an cire kwaɗon," in ji Tsinke. "Ya daɗe a cire. Bara wasu maza suka hauro katanga, Allah ya kiyaye, mai gadi ya farga. Iyaye suka cika ofis suna ihu a mayar da shi. Aka mayar."

"A sa sakata ta ciki mana. Mugu ba zai shigo ba, su kuma za su iya fita."

"Na faɗa har na gaji. Sun ce yara za su riƙa zarewa suna yawo." Ta zura hannu cikin wuyan rigarta ta fito da mabuɗi a igiya. "Da shi nake wanka, da shi nake barci. Ba na zuwa ko'ina. Ni fa, Sarkin Barci. Ni za ki gaya wa?"

"Na yarda da ke fiye da kaina. Amma waccan ma ba ko'ina ta je ba. Nan bayan aji take."

Tsinke ta mayar da mabuɗin cikin riga.

Uwar ta dubi gadon nan na ƙasa, inda ta yi barci mafi daɗi a rayuwarta. Ta so 'yarta ta san layin bokiti da asuba, da hira a ƙarƙashin bargo, da ƙawar da za ta gane ta bayan shekaru. Ta sunkuya ta fara naɗe zanin gadon da Aku ta shimfiɗa.

"Mama, me kike yi?"

"Ɗauko bokitinki."

"Mama, don Allah! Ni ba na barci mai nauyi, wallahi ko motsi aka yi ina ji!"

"Na sani. Ɗauko."

"Kowa zai yi mini dariya!"

"Su yi. Akwai ta jeka-ka-dawo kusa da gida. Ranar da aka cire abin nan, da ƙafata zan dawo da ke."

Tsinke ta raka su har bakin katanga, tana riƙe da kunnen akwati ɗaya. Aku na gaba tana kuka, bokiti na dukan ƙafarta.

"Ba na jin haushinki," in ji Tsinke. "Ke kin ɗauki taki. Sauran fa?"

A bayansu aka buga ƙarfen barcin rana. Tsinke ta ajiye akwatin, ta ce su gaida gida, ta juya da sauri.

A mota Aku ta manna fuska da gilashi har suka isa.

Ke da kike karanta wannan, ranar da za ki kai taki, kada fenti da furanni su ɗauke miki hankali. Ki shiga inda za ta kwana, ki tura ƙofar, ki duba ta wane gefe ake kulle ta. Ki tambaya kafin ki sauke akwati.