Kofi Uku na Wilf

Giyar ta zube a kan kantar mashaya kafin Wilf ya kai ta bakin babban kofin. Glenys ta ɗauko tsumma ta goge, ba ta kalli hannunsa da ke rawa ba.

Shekara talatin da ɗaya yana tsallako titi daga gidansa zuwa mashayarta, kullum ƙarfe biyu na rana. Abin shansa bai taɓa canzawa ba: rabi giyar sha'ir, rabi giyar tuffa, a kofi ɗaya. Ita kuwa ba ta haɗawa. Tun ranar da wasu samari suka sha haɗin suka fasa taga, mijinta ya hana, kuma ta riƙe dokar har bayan mutuwarsa. Sai ta ba Wilf ƙananan kofuna biyu a cike da babba fanko, ta juya baya tana gyara kwalabe, ya haɗa abinsa.

"Haɗa mini mana, 'yar nan."

"Ka san dokar gidan nan, tsoho."

"Mai dokar ya tafi ya bar ki."

"In ka je, ka kai masa ƙara."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya sha sauran daban-daban, ya ce kamar cin burodi yau, man shanu gobe.

Washegari, Laraba, bai zo ba. Alhamis 'yarsa Denise ta leƙo ta ce an sauko masa da gado falo. Huhunsa ne, ƙurar ramin kwal da ya yi aiki a ciki, kuma likita ta ce saura kwanaki.

Juma'a ƙarfe biyu Glenys ta kulle mashayar, ta tsallaka titi da kofunan uku a kan tire. Ta same shi jingine da matashi uku, hannuwansa cikin bargo. Ta fara zuba ta tuffa a babban kofin. Sannan ta karkata kofin, ta bi da ɗayar a hankali, ta jira kumfa ta kwanta, ta ƙarasa.

"Ke da kike juya baya, ya aka yi kika san ta tuffa ce farko?"

"Akwai madubi bayan kwalabe."

"Dokar fa?"

"Nan ba mashaya ba ce."

Ta riƙe masa kofin. Ya kurɓa sau biyu, ya ce ta cika kumfa.

Ya rasu Lahadi da safe.

Litinin Denise ta maido da tiren, kofunan a wanke. Glenys ta mayar da ƙananan biyu cikin 'yan'uwansu. Babban ta kife shi a gaban madubin, tsakanin kwalabe, sannan ta je ta buɗe ƙofa.