Zuma a Yatsun Baba

Baba bai taɓa ciwon suga ba. Shi ya sa da likita ta ce sugansa ya hau, na tsaya ina kallonta baki buɗe. Ciwon huhu ne ya kawo mu, har aka sa masa na'urar numfashi a ɗakin masu jin jiki sosai. Ta ce haka jiki yake yi in ciwo ya tsananta. Za su riƙa ɗura masa insulin, maganin sauke suga, ta jijiya, suna gwada jininsa a kai a kai.

Gwajin nan kuwa bai bar wa Baba yatsa ko ɗaya ba. Nas ta goge da auduga, ta huda, ta matse. Umma kan kau da kai kamar ita ake hudawa. Umma fa ba ta iya naɗe hannu ta zauna ba. Da za a ƙyale ta, har ƙarin ruwan ita za ta sa masa.

Awon yana ta hawa, ana ta ƙara insulin. Ran nan da hantsi na ga gumi na tsattsafo wa Baba, jikinsa ya yi sanyi ƙalau, sai ya hau jijjiga. Na ƙwala ihu. Likita ta shigo a guje, ta dubi awon yatsa, ta dubi Baba, ta ce a ɗebi jini ta jijiya yanzu-yanzu. Ashe sugansa ya faɗi warwas.

Ta rufe insulin, ta tura masa ruwan sukari. Da ta kama hannunsa, sai ta ji danƙo tsakanin yatsun.

"Wa yake shafa masa wani abu a hannu?"

"Ni ce, likita," in ji Umma. "Zuma ce. Duk kun huhhuda masa yatsu, ba kwa gani? Amma wallahi ban ba shi a baki ba, tunda kun hana."

Ashe zumar ce na'urar awon suga take karantawa, ba jinin Baba ba. Nas ɗin ta toshe baki da hannu, audugar na nan a riƙe.

A bakin ƙofa likita ta ja ni gefe. Ta ce gogen auduga ba ya fitar da zuma, sai wanki da ruwa, kuma aikinsu ne su lura. Sugan ya dawo daidai, amma ƙwaƙwalwa ta jima babu shi. Ko zai farka, ba ta sani ba.

Na iske Umma a kan benci, ƴar kwalbar zumar a cinyarta.

"Auta, me ta ce? Ko zumar ce ba ta da kyau? Mai shagon fa ya rantse mini babu haɗi."

"Mai kyau ce, Umma."

Ta ƙura mini ido.

"To kukan me kike yi?"