Babur Ɗin da Ba Ya Tari

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. Ni ba mai magana ba ce, ko a gida 'Yar Shiru ake ce mini, kuma karatuna bai wuce firamare ba. Amma abin ya ƙi barina.

Yayana haya yake yi da babur. Tsohon babur ɗinsa tun daga bakin titi ake jin tarinsa, yana tafe yana zubar da baƙin hayaki. Kakarmu kuwa idonta ya yi rauni, inuwa kawai take gani. Da kunne take tsallaka titi kullum da safe, ta je shagon ƙanwarta mai ɗinki su wuni suna hira. Takan tsaya ta kasa kunne, in ƙara ta lafa sai ta wuce da sandarta.

Sai aka zo da tsarin rage hayaki a gari. An ce hayakin ababen hawa ne ke cika ƙirjin yara, yana kuma ƙara wa duniya zafi. Wani kamfani ya karɓi tsofaffin babura yana ba da masu batir, da sharaɗin duk wanda ya buge mutum za a ƙwace nasa. Yaya da abokansa duk suka canza. Gaskiya shanyarmu ta daina warin hayaki. Sai dai sabon babur ba ya ƙara, ganin sa kawai za ka yi a gabanka kamar kyanwa.

Wata safiya mai kantin bakin titi ya shigo da Kaka a riƙe, gwiwarta a kumbure. Ya ce babur ne ya goge ta ya wuce, mai shi da hular kwano, bai gane fuska ba.

"Ban ji komai ba," in ji Kaka. "Titi shiru kamar an share."

Umma ta ce, "Inna, fita ta ƙare. Kunnen ma ya bi idon." Ta ɗauke sandar ta ɓoye a bayan ƙofar ɗakinta. Tun daga ranar Kaka ta rage cin abinci.

A ranar kuma Yaya ya dawo tun rana ba ta yi sanyi ba, abin da bai saba ba. Ya jingina babur a jikin bango, ya lulluɓe shi da buhu. Ga man zafi ya sayo, ga lemo. Shi da kullum sai ya tsokane ta, yanzu sai "sannu Kaka" da murya ƙasa-ƙasa.

"Angona, yau ba tsiya?" ta ce. "Ko ka yi sabuwa ne?"

"Haba tsohuwa, wa zai taɓa mara lafiya."

"Ikon Allah. Ashe sai na karye za ka yi hankali."

Kowa ya yi dariya ban da shi.

Kwana biyu bayan haka ina shara na ɗaga buhun. Madubin hagu a fashe yake. A jikin ƙarfensa akwai ɗan zare kore a maƙale, irin na mayafin Kaka. Ko ba nata ba ne? Mata masu koren mayafi ba sa ƙirguwa, kuma kullum yana ɗaukar su. Na daure na tambaye shi ina kallon ƙasa.

"Yaya, madubinka fa?"

"Wani fasinja ne da kaya. Ke yaushe kika fara bincike?"

Bai kalle ni ba.

Da yamma ina shafa wa Kaka mai a gwiwa, kumburin ya saɓe, na ce, "Kaka, da gaske ba ki san wanda ya buge ki ba?"

Ta ce, "Ido ne ya mutu, hanci yana nan. Na shaƙi turare."

"Na wa?"

"Rabin samarin gari shi suke shafawa." Ta damƙe hannuna. "In aka ƙwace babur me za ku ci? Bari a ce kunnena ne. Tsohuwa ta saba ɗaukar laifi."

"To shagon fa?"

"Shago ya gan ni ya isa," ta ce, ta juya fuskarta bango.

Washegari da sassafe na samo gwangwanin madara, na zuba tsakuwa a ciki, na matse bakinsa, na ɗaure shi da waya a ƙarƙashin kujerar babur. Yaya ya fito ya tura shi, sai ga kacau-kacau ya cika tsakar gida.

"Wane ɗan iska ne ya yi wannan?"

"Ni ce," na ce. A karon farko na kalle shi cikin ido.

Ya kai hannu ga wayar, sai ya tsaya. Daga ɗaki Kaka ta ɗaga murya: "Ga angona nan zai fita, na ji shi!"

Ya janye hannunsa. Ya ce a hankali, "Ki tara mini gwangwanayen. Mu da yawa ne a layin nan."

Na shiga ɗakin Umma ba tare da na nemi izini ba, na ɗauko sandar daga bayan ƙofa, na sa wa Kaka a hannu. Muka fita bakin titi, na tsaya a gefenta ban riƙe ta ba, muna saurare.