Muryar Baffa a Bakin Dodo

Dalhatu mai fassara yana da wata baiwa da ba wanda ya taɓa musa masa a Gwarzo: idan ya ji mutum ya yi magana sau biyu, to ya sace muryarsa ke nan. Da ita yake cin abinci. Yakan ɗauko fim ɗin ƙasar waje, ya kulle kansa a ɗan ɗakin da ya manne wa bango tsofaffin katifu, ya yi wa kowa magana da Hausa, jarumi da mugu da tsohuwa da jariri, duk daga maƙogwaro ɗaya. In ya gama sai ya miƙa wa masu turi, su kuma su zuba wa mutane a waya.

A bana ya bar fina-finan Indiya ya koma katun ɗin Japan, irin na manya mai dogon zango. Wanda ya kama kuwa na dodanni ne: wata yarinya mai ƙararrawa tana yawo gari-gari tana farautar halittun da ke tasowa daga gawarwakin da ba a yi wa kuka ba. Matarsa Zulaiha ita ce mai fara kallon kowane kashi, kuma ita ce mai fara kushe shi, don Allah bai hore mata iya shiru ba.

Gaskiya akwai abin da ya burge ta. Masu zanen sun iya ruwan sama, har sai ka ji kamar ka tashi ka kwashe shanya. Faɗan ma ba ya ruɗa ido, kana ganin wanda ya kai sara da wanda ya kauce. Ta fi son yarinyar, domin tsoro take ji ƙarara, amma haka take shiga. Sai dai sauran abin ƙazanta ce zalla. Hanji a ƙasa, ido a tafin hannu, jini kamar an kwance famfo. Ga wata ɗabi'a mai ban haushi: ana tsaka da faɗa, an ɗaga takobi, sai dodo ya tsaya ya ba da tarihin kakarsa har kashin ya ƙare. Kuma duk wanda ka fara so, to ka yi masa addu'a, ba zai kai mako ba.

"Waɗannan mutanen sun iya zane, amma ba su iya tausayi ba," ta ce wa mijinta wata rana. "Su sa ka ƙaunaci mutum, sannan su yayyaga shi a gabanka kamar kilishi. Me aka ƙaru da shi?"

"Shi ne daɗin ai, Zulai," in ji Dalhatu. "Ke da kike zagin ba ki taɓa tsallake kashi ɗaya ba."

Bai yi ƙarya ba, shi ya sa ta yi tsaki ta ƙyale shi.

Kashin da ya jawo maganar ya zo ne a makon da ta tafi suna Masanawa, don haka a karon farko aka tura wa duniya kafin ta gani. Da ta dawo ta zauna da la'asar tana tsintar shinkafa, wayar na jingine da turmi. Sabon dodo ya leƙo daga rijiya, tsoho, rabin fuskarsa ya zazzago kamar kitsen da ya ji wuta, yawu na dalala, yana tsotsar ɓargon ƙashin wani yaro. Ya ɗago kai ya dubi yarinya mai ƙararrawa, ya ja numfashi ta gefen baki, ya ce da harshe mai nauyi:

"Sannu, ɗiyata. Matso kusa, ba na jin ki."

Tiren shinkafar ya zame daga cinyarta. Ba ta buƙaci a maimaita ba. Muryar mahaifinta ce, Malam Mijinyawa na Madadi, wanda suke kira Baffa. Kuma ba muryarsa ta da ba, wadda a kara ake jiyo ta daga wannan ƙarshen zuwa wancan lokacin yana dillancin shanu. Muryarsa ce ta yanzu, tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi bara. Jan numfashin nan, tsotsar yawun nan kafin kowace kalma, yadda harshen ke tuntuɓe a tsakiya, duk Dalhatu ya kwashe bai bar komai ba. Har da kalmomin da Baffa yake tarbarta da su.

Ta miƙa hannu ta kashe wayar.

Abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne Baffa bai san yadda yake magana ba. A kunnensa maganar tana fita daidai. Gidan kuma kaf sun haɗa baki, duk wanda Baffa ya tambaya sai ya ce masa, "Ai Baffa baki ya saki, alhamdu lillahi." Da wannan ƙaryar yake tashi kullum ya yi ta gwada ciniki shi kaɗai a zaure, yana shirin komawa kara bayan Sallah. Ita ce ma ta sa ya yarda ake kawo shi gashin ƙashi a asibitin Gwarzo.

Dalhatu ya shigo yana fito, ta tare shi a tsakar gida.

"Baban Ummi, mutumin da ya ba ka ni, shi ka saka a rijiya yana cin yara?"

Ya yi turus, sannan ya yi irin dariyar da mutum ke yi in an kama shi. "Haba Zulai, aiki ne fa. Na gwada murya wajen biyar, ba wadda ta zauna a fuskar nan. Ina tuna Baffa sai kawai ta zauna. Ai ban ambaci sunansa ba. Wa zai gane?"

"Ranar da ka je duba shi, ka durƙusa a gabansa kana ta jan shi da hira, ni ina jin daɗi wai mijina yana son ubana. Ashe ɗauka kake yi."

"Wallahi ba da niyya ba ne. Kunnena ne haka."

"To ka janye shi."

"In janye daga ina? Yana wayar Gwarzo, yana wayar Kabo, jiya daga Kano aka kira ni. Mutane cewa suke ba su taɓa jin dodo mai ban tsoro irin wannan ba." Ya faɗi haka kuma, Allah shi ne shaida, da ɗan alfahari a fuskarsa.

Ta dube shi kamar yadda ake duban abin da aka taka a hanya. Tana ta kushe masu zanen da rashin tausayi, ashe su ko ba komai daga kansu suka ƙirƙiro dodonsu. Nata mijin a gidan surukinsa ya samo nasa, bayan ya ci tuwonsu ya sha furarsu.

Ranar gashi ta zo. Yayanta Hambali ya goyo Baffa a babur, bayan sun fito daga asibiti suka biyo gidanta cin abinci kamar yadda suka saba. Zulaiha ta riga ta kashe duk wayar da ke gidan, ta kori Dalhatu shago tun safe. Ta shimfiɗa wa Baffa tabarma a inuwa, ta dama masa fura. Yana cikin walwala, yana ba ta labarin wani bijimi da zai sayar wa wani Alhaji in ya koma, ita kuma tana ta gyaɗa kai ko da rabin maganar ba ta kama ba.

Sai ga maƙwabciyarta Asta ta faɗo da sallama, waya a hannu, an ƙure mata murya. Asta mace ce mai kirki, amma ba ta taɓa shiga gida ta duba wa ke zaune ba.

"Zulai, mijin nan naki ba shi da dama! Saurari wannan don Allah, tun jiya nake dariya ina jin tsoro!"

Zulaiha ta zabura, amma tsakar gidan ba ta da faɗin da za ta ba ta lokaci. Dodo ya ja numfashi ta gefen baki, ya tsotsi yawu, ya kira ɗiyarsa ta matso kusa.

Hambali ya daskare da ludayi a hannu. Asta ta dubi tsohon da ke kan tabarma, ta dubi wayar, dariyar ta mutu a fuskarta. Ta shiga laluben inda ake kashewa, ba ta gano wurin ba, dodo ya ci gaba da magana har Zulaiha ta fizge wayar ta danne.

Baffa bai yi fushi ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya ajiye ƙwaryar a hankali, ya kai hannunsa mai lafiya ya shafa gefen bakinsa, ya dubi danshin da ke yatsunsa kamar yau ya fara ganinsa.

"Zulaiha," ya ce, yanzu yana sauraron kansa, kalma bayan kalma. "Haka nake?"

Ƙaryar tana nan a bakinta, ta faɗe ta sau ba adadi. Ta buɗe baki, ta ga idanunsa, ta kasa. Ta durƙusa a gabansa tana kuka.

Da aka kira sallah, bai ce a ba shi ruwa ba. Ya ɗaga hannu ya nuna wa Hambali buta da yatsa.