Mangwaron da Ke Wuyan Kanela

Duk kwarinmu, in saniya ta haɗiyi mangwaro ya tsaya mata a wuya, mijina Eleuterio ake nema. Teyo muke ce masa. Zai shafe hannu da man girki, maza su riƙe ƙaho, ya zura hannun nan har kafaɗa, ya fito da mangwaron yana washe baki. Haka ubansa ya yi, haka kakansa. Lokacin nunar mangwaro kam, ba ya gama shan kofi ba a ƙwala masa kira daga bakin shinge ba.

Ran nan sai abin ya zo kan tamu, Kanela, jar saniyar da cukunta ke riƙe da gidanmu. Ina cikin gasa tortiya, wainar masarar da muke ci, na ji kukanta, wani irin kuka a shaƙe da ban san ta da shi ba. Ko da na fita, Teyo ya riga ya ɗaure ta a jikin bishiya, hannunsa na cikin bakinta, miyau na dalala har gwiwar hannunsa.

"Ya fito?" na ce.

"Ya yi nisa ne. Bari ta huta in sake gwadawa."

Ni dai ƙafafunta na baya nake kallo. Tangaɗi suke kamar na mashayi ranar biki. Mangwaro a wuya, me ya haɗa shi da ƙafa?

Akwai wata manhaja da ƙungiyar masu madara ta sa mana a waya, wai a nuna mata dabba ta faɗi abin da take zato. Teyo ya raɗa mata suna "likitan aljihu", bai taɓa ko kallonta ba. Na goge ƙullin masara a zani, na ɗauki hoton Kanela, na shiga amsa tambayoyi. Tana dalalar miyau? E. Tana iya haɗiya? A'a. Ƙafafun baya? E mana. Sai manhajar ta ce in duba wuya da doron baya, ko akwai ɗan rauni da busasshen jini.

Akwai shi. Kowace saniya a nan tana da shi, cizon jemage ne, tun muna yara muke ganinsa. Na danna.

Fuskar wayar ta koma ja. Na karanta, na sake karantawa. Wai mai yiwuwa ciwon haukan kare ne, irin wanda jemage mai shan jini ke sa wa shanu. Kada kowa ya taɓa bakin dabbar. A ƙasa kuma ga tambaya: akwai wanda ya sa hannu a bakinta?

Na ɗaga kai. Teyo na zuba sabon mai a hannu. A bayan hannun ga yankan wayar shinge da ya ji shekaranjiya, ja wur, bai ko rufe ba.

"Teyo! Ajiye man nan!"

"Ke tsohuwa, lafiya? Tortiyarki na ƙonewa."

"Ta ƙone! Matso daga wurin saniyar nan, don girman Allah."

Na karanta masa. Ya yi dariya har da dafa ƙugu.

"Haukan kare? Kanela ta fara haushi ne ban ji ba? Likitan aljihunki ya taɓa riƙe ƙaho?"

Raina ya ɓaci, amma tsoro ya fi ƙarfin ɓacin ran. Na ja shi da wuyan riga zuwa wurin wanki, na dinga dirza hannun da sabulu kamar ina wanke tukunya, ina karanta masa sauran. Wai allura na maganinsa in an yi ta da wuri. In kuwa alamu suka riga suka fito a jikin mutum, shi ke nan, sai addu'a. Cikin alamun har da kasa haɗiyar ruwa.

"Ni dai faɗa min gaskiya," na ce. "Hannunka ya kai inda yake kaiwa. Ka taɓa mangwaro?"

Ya kau da kai. Ruwa na ta zuba a kan hannunsa.

"Eleuterio, da kai nake."

"Babu komai a ciki," ya ce a hankali. Dariyar ta tafi. Ya kalli yankan hannunsa, ya kalli dutsen da kogon jemagu yake. "Otilia, kin tuna baƙar saniyar amininmu Nazario? Wadda ta mutu wancan watan?"

"Wadda ka ce mangwaron ya wuce ciki?"

"Ita ma ban taɓa komai ba. Kunya ce ta hana ni faɗa. Kuma a lokacin ina da tsaga a yatsa."

Wayyo Maryamu uwar Yesu. Na zauna a kan dutsen wanki. Wancan watan! Ina nan ina ta masifa kan takalminsa mai laka, ashe abin na iya kasancewa yana tafiya a jikinsa.

Motar madara ce ta cece mu, mun tare ta a bakin hanya. Direban na zolayar Teyo wai yau an kama likitan shanu za a kai shi wurin likitan mutane. Muka zauna a baya tsakanin garewanin madara. Na kira ƙungiya na ce su turo mai duba dabbobi, kowa ya yi nesa da Kanela, a kuma gaya wa Nazario da duk wanda ya riƙe ƙahon baƙar saniyarsa su biyo mu asibitin garin Juticalpa.

Daga nan na buɗe gorar ruwa na miƙa masa.

"Ba na jin ƙishi."

"Sha."

Ya gane. Ya karɓa, ya kafa baki. Na zuba wa maƙogwaronsa ido har na ga ya motsa, ruwan ya wuce. Na sauke numfashi.

Ba mu ko kai gada ba na sake miƙa masa gorar. Wannan karon nan take ya karɓa, ya sha, yana kallona.